Ni Ce Mai Ciwo, Shi Ya Riga Ni Tafiya

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu, Ubangijinmu mai rai. Salamarsa ta zauna tare da ku, iyayena da ƙannena da ɗiyana.

Fasto, na gode da ka ba ni wannan dama. Ku yi mini haƙuri, a zaune zan yi magana, ƙafar ba ta yarda da doguwar tsayuwa. In kuma kun ji na yi shiru, ku ɗan jira ni, zan ci gaba.

Saboda baƙin da ba su san ni ba, sunana Tabita. Ni ce matar marigayi Mushe Dauda, malamin lakwal, wato makaranta; Mushe shi ne yadda ake kiran malamai a nan. Wasunku da ke zaune a nan shi ya koya muku riƙon alli.

Ni ƙaƙƙarfar mace ce a da. A wani ƙauyen Adar aka haife ni, tsakiyar duwatsu. Tun ban isa aure ba nake surfe da daka, in ja ruwa a rijiya mai zurfi, in ɗauko itace daga fako. Ban san ƙofar likita ba sai ranar haihuwa. Da na auri Mushe na bi shi duk inda aka tura shi aiki. Mun zauna Bambeye, mun zauna Takanamat, daga ƙarshe aka maido mu nan Tawa. Allah ya ba mu ɗiya guda, Lidiya, ga ta can a zaune cikin mawaƙa.

A Tawa rayuwa ta yi mini sauƙi. Ga famfo, ga injin niƙa. Na kafa kasko a bakin tasha ina suyar ƙosai da fanke, daga safe har rana ta take ina zaune wuri guda, shayi mai kauri da sukari yana zagayowa. Jikina ya buɗe. Mata suna ce mini, "Kai, Tabita, Mushe ya iya kiwo!" Ni kuwa in yi ta dariya, ina jin daɗi. Ina ganin hutun da uwata ba ta samu ba ne Allah ya ba ni.

Ciwon farko da ƙeya ya fara. Kaina ya riƙa sarawa, kunnuwana suna ƙugi. Wata safiya na miƙe in kwashe ƙosai, sai na ga tasha tana juyawa, na zube dab da kaskon mai. Allah ya tsare, ban ƙone ba. A likita suka ɗaura mini abin awo a dantse, lokotoro ya ce hawan jini ne, wanda muke ce ma tansiyo. Ya ce in bar gishiri da magi. Na ce to, abu guda ne, zan iya.

Bayan 'yan shekaru sai ƙishirwa. In sha ruwa kamar raƙumi, bai kashe ta ba. Fitsari ba iyaka. Ranar da na ga tururuwa ta taru inda na yi fitsari a bayan ɗaki, gabana ya faɗi. Aka auna, aka ce ciwon sukari. Lokotoro ya ce in bar shayi, in bar fanke, in rage tuwo, fura ma sai ɗan kaɗan, ba sukari.

Na ce, "Lokotoro, Ba'adara ba fura, to mi za ta sha?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Daga nan gwiwoyi suka ce su ma a san da su. Hawa dakalin ɗaki ya zame mini aiki. Na riƙa sayen ƙwayoyin kashe zafi na kasuwa ina haɗiya, don in samu in fita sana'a. Ashe abin da ke kwantar da gwiwa shi ke cin ƙoda. Ƙafafuna suka kumbura, aka ce ƙodar ma ta gaji, a daina waɗannan ƙwayoyi. Gwiwa ta koma gidan jiya. Kafin in saba da wannan, idona ya fara hazo.

Jama'a, ciwo ɗaya baƙo ne, kana iya ba shi ɗaki. Amma in suka yi yawa, su ne masu gida, kai ne baƙon. Maganin wannan ya ɓata wa wancan rai. Abincin da wannan ya yarda da shi, wancan ya hana. Na ajiye kasko. Na koma zaman tabarma.

A wannan zaman ne na san mijin da Allah ya ba ni.

Mushe ya riga ya ajiye aiki. Siririn mutum ne, dogo, ba ya zama wuri guda. Ya shuka zogale a bayan gida don ni. Shi ke karanta mini takardar magani, shi ke cewa, "Maman Lidiya, wanga kafin abinci, wanga bayan abinci." Shi ke yi mini allura. Da ya ga tsayuwa a murhu tana wahalshe ni, sai ya ce in koya masa miya. Miyar farko da ya yi, ko akuya ta ƙi ta. Amma ya nace har ya gwanance, kuma ya bar cin gishiri tare da ni, wai kada in ji ƙamshin tasa in yi kwaɗayi.

Abokansa sun yi ta yi masa ba'a a majalisa. Ya ce musu, "Ta dafa mini tun ina da baƙin gashi. Yau don na kaɗa mata miya shi ne ya zama labari?"

Ni kuwa da nake koya masa girkin nan, da wata manufa nake yi. Na tabbata ni zan riga shi tafiya, ba na so ya wulaƙanta a bayana. Na nuna masa yadda ake tankaɗe, yadda ake gane tuwo ya nuna. Na nuna masa zanen da nake so a rufe ni da shi, da kwanonin da za a ba Lidiya. Sai ya toshe kunnuwansa da yatsu kamar yaro, ya ce, "Ba na ji, ba na ji." In yi dariya, in juya baya in share hawaye.

Kowane wata yana ɗora ni a bayan motonsa, wato babur, ya kai ni likita, ranar masu sukari da tansiyo. Akwai wani dogon benci a ƙarƙashin rumfa inda muke jiran layi. Shekarun farko bencin ba ya cika. Tsofaffin ma'aikata ne da alhazan kasuwa masu tumbi, har ana cewa ai ciwon masu hali ne. Sannu a hankali na ga abin ya canja. Benci ya cika, aka ƙaro wani, aka koma shimfiɗa tabarmi. Sai ga manoma busassu kamar karan dawa. Sai ga makiyaya. Sai ga mata da goyo a baya, sa'annin ɗiyata. In ka tambayi mutum me ya kawo shi, ba ya ce maka abu ɗaya. Sai ya fara lissafi da yatsu: sukari, tansiyo, zuciya, ƙoda, fuka.

Majon da ke auna mu, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya taɓa ce mini, "Mama, lokacin da na fara aiki mutum da ciwo guda yake zuwa. Yanzu in na ga mai guda, sai in ce ya je ya gode wa Allah."

Na sha zama ina tunanin wannan. Uwata ta tsufa tana daka, zazzaɓin kwana kaɗan ya ɗauke ta. Ko su ba su da ciwukan nan ne, ko kuwa suna da su babu abin awo? Don na tuna a ƙauyenmu akan ce wane ya faɗi a gona, iska ta buge shi, ɓarin jikinsa ya mutu. Ban sani ba. Abin da na sani, mu muna daɗewa da ciwo, ciwo kuma yana kiran ɗan'uwansa.

A bencin nan na yi ƙawa. Sunanta Lalla, Buzuwa ce daga wani zango bayan Takanamat, Musulma. Sukari gare ta da tansiyo da fuka. A saman motar kasuwa take zuwa, bisa buhuna, ta sauka fuskarta duk ƙasa, tana numfashi kamar zuga-zugi, amma bakinta bai bar barkwanci ba. Fari ya cinye dabbobinsu, mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna Libiya. Takan kawo mini cuku a ƙulle cikin gefen mayafinta. Nakan ba ta garin zogale. Wani lokaci in tana kukan kewar 'ya'yanta, in ce mata, "Lalla, ki gaya wa Allah, yana jin kuka." Ta ce, "Ina gaya mishi, ƙawa, kullum."

Sau da yawa majo yakan ce, "Mushe, kai ma kawo hannunka mu gani."

Sai ya ɗaga hannuwa yana dariya. "Ni mara lafiya na kawo. Dube ni, ina ciwo zai samu wurin zama a jikin nan?"

Ni ma dariya nake yi. Wayyo ni! Ni ma dariya nake yi.

Wata safiya bayan an cire amfanin gona, yana ba zogale ruwa, ina ɗaki ina jiran ya zo ya yi mini allura. Sai na ji faɗuwar bokiti. Na kira, "Mushe?" Shiru. Na sake kira. Shiru. Gwiwoyina suka ƙi ɗaukata, da rarrafe na fita. Na same shi kwance cikin laka, bakinsa ya karkace, ido ɗaya yana kallona, hannunsa na dama a yashe kamar ba nasa ba.

Na yi kururuwa. Maƙwabtanmu, Allah ya saka musu da alheri, suka zo da gudu, suka sa shi a mota.

Bayan an yi aune-aune lokotoro ya kira ni da Lidiya. Ya ce tansiyo ne ya fashe masa jijiya a kai. Ya ce yana da sukari. Ya ce zuciyarsa ma ta kumbura. Ya ce abubuwan nan sun daɗe a jikinsa, shekara da shekaru.

Shekara da shekaru, jama'a! Yana ɗauke da ni a bayan moto, yana ɗauke da nasa a cikin jini, ba wanda ya sani.

Muka dawo gida, marasa lafiya biyu a ɗaki guda. Lidiya tana da aikin biro, wato ofis, da gidan mijinta, amma safe da maraice tana nan. Matan zumunta kun yi ƙoƙari, ba zan manta ba. Sauran lokacin kuwa ni da shi ne. Ni da ba na gani sosai nake lalubar bakinsa da cokali. Ni da ba na iya durƙuso nake juya shi don kada bayansa ya yi gyambo.

Maganarsa duk ta tafi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana magana gaban allo, kalma ɗaya ta rage masa: "To."

"Mushe, ka ƙoshi?"

"To."

"Ina ke maka ciwo?"

"To."

Wani lokaci in ga yana yaƙi da harshensa, jijiyar wuyansa ta tashi, yana son ya gaya mini wani abu. Sai "to" ta fito. Sai hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Har yau ban san abin da yake son faɗi ba.

Mun yi addu'a. Fasto ya zo ya shafa masa mai. Kun yi azumi dominsa. Na sa rai ƙwarai, don ina ganin in akwai wanda ya cancanci Allah ya tashe shi, to shi ne.

Da bazara ta yi tsanani, numfashinsa ya canja. Ran nan da hantsi na riƙe hannunsa mai rai, na ce, "Mushe, kada ka tafi ka bar ni. Ba haka muka shirya ba."

Ya dube ni, ya ce, "To."

Kafin azahar ya cika. Tun da na aure shi, ran nan ne kaɗai ya ce mini to bai cika alkawari ba.

Ku ɗan jira ni.

Na gode. Zan ci gaba.

Muna cikin zaman makoki Lidiya ta riƙa dafe kai. Muka ce kuka ne da rashin barci. Mijinta ya matsa ta je a duba ta. Ta dawo ta zauna kusa da ni. Can ta ce, "Mama, ni ma an same su. Tansiyo da sukari."

Yarinyar da ba ta ko kusa da arba'in ba!

A nan ne igiyar ta tsinke mini. Na ce a raina, gadon da muka bar wa ɗiyarmu ke nan, ni da ubanta. Na ce Allah ya ɗauke mai lafiya ya bar gawa tana numfashi, yanzu kuma ya juya kan 'yar guda ɗaya da nake da ita. Zan faɗa muku gaskiya a gaban bagadin nan: na yi fushi da Allah. Na daina addu'a. Na daina zuwa sujada, in kun zo in ce gwiwa ce. Lidiya takan jera mini magani da safe kafin ta tafi aiki, in ta fita in zuba shi a bayan randa. Na aika aka sayo mini fura, na zuba sukari na sha har na ƙoshi. Ba daɗinta nake nema ba. Hanya nake nema in bi mijina.

Cikin haka ƙaya ta soke ni a tafin ƙafa, ban ji ba, don ƙafar mai sukari ba ta jin zafi. Sai da na ga jini a tabarma. Wurin ya kumbura, ya yi ruwa, yatsu suka fara baƙi. Na sa safa na rufe, na ja zane a kai. Na ƙona turaren wuta a ɗaki don kada Lidiya ta ji wari. Na san abin da baƙin nan yake nufi, na gani a benci. Na ce madalla, ga motar da za ta kai ni wurin Mushe ta zo.

Wata Lahadi, kuna nan kuna sujada, ina kwance ni kaɗai, sai na ji sallama da muryar da na sani, da numfashin nan mai ƙugi. Lalla ce. Ta zo cin kasuwa, ta ce wata da watanni ba ta gan ni a layi ba, majo ya gaya mata rasuwar Mushe, ta yi ta tambaya har aka nuna mata gidan.

Ta yi mini gaisuwa, muka yi kuka tare. Sai ta ɗaga hanci. Mutumin daji ba a ɓoye masa warin ciwo. Ba ta tambaye ni ba, ta yaye zanen, ta zare safar. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ɗiyarki ta gani?"

Na ce, "A'a. Kuma ba ke za ki gaya mata ba."

Ta ce, "Mutuwa kike so."

Na ce, "I. Mi ya rage mini?"

Ta zauna a ƙasa, ta jira numfashinta ya daidaita. Sannan ta ce, "Ƙawa, ni na bizne miji. Na ga raƙumanmu sun mutu ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yana ban san ko suna da rai ba. Ciwo ukku gare ni, kuma bisa buhu nake zuwa neman magani, ke kuwa likita tana bayan gidanki. Mutumen ga ya yi shekaru yana dafa miki miya don ki rayu, ke kuma ki zubar da wahalarshi a bayan randa?"

Ashe ta hango ƙwayoyin.

Na ce, "Allah ya yashe ni, Lalla."

Ta ce, "Ke ce kike ce mini in gaya mishi, yana jin kuka. To ke kin gaya mishi? Ko fushi ne, gaya mishi. Ga azahar ta yi. Ni zan fita in yi salla. Ke kuma ki yi irin taku. In na sallame, mu tafi."

Ta ɗauki buta ta fita tsakar gida.

Na rage ni kaɗai. Na buɗe baki, ban san ta inda zan fara ba. Ba addu'ar kirki na yi ba, 'yan'uwa. Faɗa na yi. Na ce, "Yesu, me na yi maka? Ni ce mai ciwo, don me ka ɗauke shi? Don me ka hana shi ko kalmar ban kwana? Ɗiyata fa, me ta yi? Na gaji! Jikin nan ya ishe ni! In kana ji, ka amsa mini, don ni ba ni da sauran ƙarfin da zan riƙe ka. Sai dai kai ka riƙe ni."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza, har muryata ta dushe.

Ban ga haske ba. Ban ji murya daga sama ba, ba zan ƙara gishiri a shaidata ba. Amma da kukan ya lafa, sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Na tuna Ubangijinmu ma ya tsaya a bakin kabarin abokinsa ya zub da hawaye. Na ji a raina bai yi fushi da faɗan da na yi masa ba, yana nan zaune tare da ni a ɗakin nan mai wari. Sai fuskar Lidiya ta zo mini. Yarinyar nan yanzu ta shiga hanyar da na daɗe ina bi. Na san ramukanta, na san ƙayoyinta. Ubanta ya tafi. In ni ma na tafi da gangan, me na koya mata? Cewa in ciwo ya yi yawa sai a kwanta a jira?

A karo na farko tun rasuwar Mushe na ji tsoron mutuwa. Na ji ina son in rayu. Haleluya! Wannan tsoron kyautar Allah ce.

Na ƙwala kira, "Lalla! Ki nemo kabu-kabu!"

Ita da matar maƙwabcinmu suka ɗora ni a moto, Lalla ta hau bayana ta rungume ni don kada in faɗi, tana tari har muka isa. Aka kira Lidiya daga nan cikin sujada. Da ta ga ƙafar, ta durƙusa ta ce, "Mama, ashe so kike ki bar ni ni kaɗai?" Wannan tambaya ta fi wuƙar likita zafi.

Lokotoro ya ce an makara ƙwarai. Ya ce mai yiwuwa sai an yanke daga ƙasan gwiwa, amma za su gwada su gani ko naman zai amsa magani. Kun tuna, matan zumunta, yadda kuka riƙa zuwa kuna kewaye gadona kuna waƙa a hankali don kada a kore ku. Na ce wa Ubangiji, "Da ƙafa ko ba ƙafa, ni taka ce." Kowace safiya in an buɗe ciwon ina kallon fuskar majo, don ni ba na ganin wurin. Ran nan na ga ya yi murmushi, ya ce, "Mama, jan nama ya fito."

Yatsu biyu suka cire. Ga ƙafata, da ita na shigo ɗakin nan yau. Ku ɗaukaka sunan Yesu!

Kada wani ya fita ya ce Tabita ta warke sarai. Tansiyo yana nan. Sukari yana nan. Ƙoda da gwiwa da ido duk suna nan, da su nake kwana da su nake tashi. Abin da Yesu ya fitar da ni daga ciki ya fi su muni: ramin da na haƙa wa kaina da hannuna. Kewar mijina kuwa ba ta ragu ba. Har yanzu in na ji ƙarar moto ta tsaya a ƙofar gida, sai zuciyata ta yi tsalle kafin hankalina ya dawo.

Lalla ma ta tafi. Da daminar bara fuka ta tashi mata a zango, ruwa ya cinye hanya, mota ba ta shiga. Sai bayan an yi makonni wani direban Takanamat ya kawo mini labari. Ban samu zuwa gaisuwa ba, ban san inda kabarinta yake ba. Matar da Allah ya aiko ta ciro ni, ita ba a samu mai kai ta likita ba. Wannan ban gane shi ba, kuma na daina cewa sai na gane. Na bar shi a hannun Mai sama.

'Yan'uwa, ku tuna lokacin da muke matasa a cikin ikilisiyar nan. In aka ce a kawo roƙon addu'a, me muke ji? Zazzaɓin yara, ƙyanda, mai naƙuda, ruwan sama. Yau fa? Ku saurara da kyau Lahadi mai zuwa. Wane tansiyo da sukari, wance zuciya da ƙoda, kuma ba tsofaffi kaɗai ba. Ina roƙonku, musamman ku maza masu cewa lafiyarku lau, ku je ku miƙa hannu a auna. Ba rashin bangaskiya ba ne. Wanda aka ba magani ya sha, ya yi addu'a a kai kamar yadda yake yi a kan tuwo. Wanda ke jinyar wani, shi ma a tambaye shi yaya jikinsa.

Kai kuma da ke zaune a nan ka gaji, wanda ciwuka suka yi wa taron dangi har kana cewa gara a huta, na san wurin da kake, na kwana a can. Kada ka yi shiru. In ba ka iya yabo ba, ka yi kuka. In fushi ne kawai ke gare ka, kai masa fushin, ba zai kore ka ba.

Saura roƙo ɗaya. Lidiya ta ba ni izini in faɗa. Bayan shekaru suna jira, Allah ya ba ta juna biyu. Da kaka ake sa ran haihuwa. Lokotoro ya ce da tansiyo da sukari irin nata, sai an sa ido ƙwarai a kanta da abin da ke cikinta. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Ita kaɗai gare ni. Amma a wannan karon ban rufe bakina ba, na kawo tsorona gaban Allah da gabanku. Ku riƙe mu a cikin addu'a. Ina so in ga jikan nan da ɗan sauran idon da ya rage mini, in goya shi ko a zaune ne, in ba shi labarin kakansa.

Na gode wa Uba da ya ba ni miji nagari, ya bar mini shi har tsufa. Na gode wa Yesu da ya riƙe ni lokacin da na sake shi. Ku dogara gare shi, ko da hawaye a idonku. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa har abada.

Amin.